Yadda Na Saci Yayana Daga Tsibirin Imrat

Ku matso kusa, ku da kuka ara mini kunne, mai gyangyaɗi kuma ya koma baya ya yi abinsa. Ni ne Tunau marini, ɗan marini, jikan marini, mutumin Kwatarma. Na ga yashin da ba shi da ƙarshe, na ga ruwan da ba shi da gaɓa, na ga birnin da gidajensa ke hawa kan juna, na kuma taka tsibirin da ake rina rigunan sarakuna da abin da ko kare ba zai shinshina ba. Amma kafin in fara, bari in gaya muku halina, kada gobe wani ya ce na ɓoye. Ni mutum ne mai zargi. In ka ba ni ruwa sai na leƙa gindin ƙwarya, in ka yi mini murmushi sai na tambayi kaina me kake nema a wurina. Mutanen garinmu suna cewa ciwo ne. Ni kuwa na ce shi ya dawo da ni gida da kaina a kan wuyana.

Yayana Nomau ba haka yake ba, shi kowa nasa ne. Wata shekara fatake suka sauka garinmu daga arewa, ɗaya daga cikinsu yana riƙe da wani ɗan ƙyalle da bai fi tafin hannu ba. Launinsa ba ja ba ne, ba kuma shuɗi ba ne, wata irin shunayya ce mai duhu da ke canzawa in ka juya ta a rana. Nomau ya wanke ƙyallen da toka, ya dafa shi, ya shanya shi a kan danga har rana ta gaji, launin ko gezau. Daga ranar nan shunin marinarmu ya fita daga ransa. Damina na ɗaukewa ya bi fataken, ya ce zai koyo wannan rini ya dawo.

Shekaru suka shuɗe, babanmu ya rasu, Inna ta fara tafiya da sanda. Sai wani falke ya kawo labari cewa a wani tsibiri mai suna Imrat, a tsakiyar tekun da yanzu ake kira Bahar Rum, an ga wani baƙin marini mai tsaga irin ta gidanmu a kumatu. Ban yarda da falken ba, don na lura sai da ya cinye tuwon Inna sannan ya tuna da labarin. Amma Inna ta yarda. Ta kama hannuna ta ce, "Tunau, ka je ka kawo mini ɗan'uwanka in taɓa fuskarsa. Ba na son rininsa, ba na son tsarabarsa, shi nake so."

Na cika buhunan fata da shuni, na bi ayari. Labarin hamada na wata rana ne. Abin da zan ce kawai, mun wuce ƙasar wasu mutane masu kekunan doki waɗanda ke jan ruwa ta ramukan ƙarƙashin ƙasa, kuma a hanya na tsinci harshen Finikawa, 'yan kasuwar bakin tekun nan, kaɗan kaɗan daga bakin fatake, iya wanda zan yi ciniki da zagi. Da haka na isa Kartaj, babban birnin Finikawa a bakin teku.

Kai, Kartaj! Gidaje a kan gidaje har wuya ya yi maka ciwo, giwaye a ɗaure cikin ganuwa kamar yadda muke ɗaure awaki, tashar jiragensu kuma a zagaye take da katanga don kada baƙo ya ga abin da ke ciki. A can na tarar da mutanen da suka fi ni zargi, har na ɗan ji kunya. Ka tambayi mutum hanyar kasuwa sai ya tambaye ka wa ya aiko ka. Da na ambaci Imrat a wata mashaya, kowa ya juyo ya dube ni. Mai gidan ya jawo ni gefe ya ce dokar birnin ita ce duk baƙon da aka kama yana neman hanyar tsibiransu, a teku ake jefa shi.

Wanda ya biyo ni waje daga mashayar wani sarkin jirgi ne mai suna Shafot, gajere mai zobe a hanci. Hannuwana yake kallo, waɗanda shuni ya rina tun ina yaro. Ya kai ni bayan wani rumbu ya faɗi buƙatarsa cikin raɗa. Ya ji cewa in aka tsoma zane a shuni sannan aka bi shi da jar saiwa, yana fitowa kamar shunayyar Imrat, kuma akwai sarakunan tudu da ba za su gane bambanci ba. In manyan Kartaj suka ji yana wannan ha'inci, kansa ne zai biya. Na ce zan yi masa aikin, amma sai ya fara kai ni Imrat ya fito da ni. Ya dube ni, na dube shi. Kowannenmu ya san wuyansa yana hannun ɗan'uwansa, kuma gaskiya wannan ce kaɗai irin amanar da nake iya barci a kanta.

Muna cikin tafiya a teku sai masu jirgin suka hango wani jirgin Yunanawa yana bin sawunmu, yana so mu nuna masa hanya ba mu sani ba. Shafot ya waiwaya ya gan su. Ya karkata jirginmu zuwa wani wuri da ruwa ke fari saboda duwatsun da ke ƙasa, ya ratsa ta wani ɗan tsukin da shi kaɗai ya sani, har muna jin gindin jirgi yana gogar dutse. Yunanawan suka biyo mu. Ƙarar fashewar jirginsu har yau tana kunnena. Mutane suna ɗaga hannu a cikin ruwa suna kira, mutanenmu kuwa suka koma cin zaitun ɗinsu.

Sai ɗaya daga cikinsu ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan ma ai ya ga hanya."

Na ce, "Na gani, amma ni duk ruwa ɗaya ne a idona. Ku jefa ni in kuna so. Sai dai shunin da ke cikin buhunan nan, in ba ni ba, ƙasa ce kawai, ku dama ta har ku tsufa ba za ta kama zane ba."

Shafot ya yi dariya ya ce a bar ni. Duk da haka suka ɗaure mini idanu suka saukar da ni cikin kaya, ban sake ganin rana ba sai da hancina ya gaya mini mun iso.

Warin Imrat yana tarar mutum tun bai ga ƙasa ba. Ku haɗa warin mushe da na tafarnuwa da na tsohuwar marina a tsakiyar bazara, to kun ɗan kama hanya. Daga wani dodon koɗi na teku suke samun launin. Ana fasa shi a ciro wata 'yar jijiya, a tara a cikin manyan tukwane da gishiri, a bar shi ya ruɓe a kan wuta mai sanyi. Ɓawon da aka zubar ya taru bayan gari har ya zama tudu.

Tsibirin yana da mutanensa na asali. Har yanzu hasumiyoyinsu suna tsaye a kan tuddai, an gina su da duwatsun da ba ka san yadda ɗan Adam ya ɗaga su ba. An ce Finikawa daga birnin Taya suka fara zuwa, suka roƙi ɗan wurin gyaran jirgi. Daga nan suka roƙi wurin ajiye kaya, sannan ɗakin gunkinsu, sannan katangar da za ta kare ɗakin gunkin. Da Taya ta yi rauni sai 'ya'yanta na Kartaj suka zo, su kuwa ba su roƙi komai ba. Suka sare itatuwan ɓaure da na zaitun, suka ce alkama za a noma musu, wanda ba ya noma kuma ya shiga marina. Duk wanda ya taɓa sa hannu a tukunyar shunayya ba ya barin tsibirin har ya mutu, don kada sirrin ya fita tare da shi.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne ban ga sarƙa ba. Na zo ina tsammanin kurkuku da masu bulala, sai na ga marina suna yawo a kasuwa, suna saye suna sayarwa, babu mai gadi a bayansu. Biyu biyu suke tafiya, ban taɓa ganin ɗaya shi kaɗai ba. Na ce a raina lalle cikin kowane biyu ɗaya ɗan rahoto ne.

A gindin tudun ɓawo na same shi. Ya yi furfura a gemu, kafaɗunsa sun buɗe, hannuwansa har gwiwar hannu sun rine da launin nan da ya raba shi da gida. Na kira shi da harshenmu, "Yaya!" Kwandon da ke kansa ya faɗi. Ya rungume ni yana kuka yana dariya, ni ma da ba na kuka a gaban mutane sai da na yi. Ya tambayi Baba, na gaya masa. Ya tambayi Inna, na ce tana nan da rai, kuma ita ta aiko ni in tafi da shi.

Nan take fuskarsa ta canza. Ya waiwaya ya dubi wani tsoho da ke tsaye kusa da mu, dogo, ramamme, mai tari, ɗan asalin tsibirin. Sunansa Ursan, shi ne abokin tukunyarsa, ɗaki ɗaya suke kwana, akushi ɗaya suke ci.

Nomau ya ce, "Tunau, ka gaida Inna. Ka ce mata ina lafiya, ina ci ina sha."

"Yaya, hamada na ƙetare. Ba saƙon gaisuwa na zo karɓa ba."

"Ba zan iya tafiya ba."

"Saboda me? Mata ka yi? 'Ya'ya? Ko asiri suka yi maka?"

Ya ce, "Babu ko ɗaya. Ka bar maganar nan, don girman Allah."

Shafot yana lodin kaya, ni kuwa kullum ina zuwa wurin Nomau, kullum amsa ɗaya, kullum kuma tsohon nan yana manne da shi. In Nomau ya tashi ya tashi, in ya zaga bayan dutse sai ya tsaya yana kallon dutsen. Na gama yanke hukunci cewa tsoron tsohon ne ya rufe wa yayana baki. Wata rana haushi ya ci ni, na ce da harshenmu, "Yaya, wai har yaushe wannan tsohon karen zai daina shinshinar sawunka?"

Tsohon ya ɗago kai ya ce da harshen Kwatarma, a karye amma a fili, "Kare yana ji."

Ashe yayana, da halinsa na yarda da kowa, ya koya wa mai gadinsa harshenmu. Duk abin da na faɗa game da jirgi da gudu ya shiga kunnensa. Ranar nan ban ci abinci ba, duk wanda ya tunkaro ni a tasha sai in ga kamar kama ni ya zo yi. Ba wanda ya zo. Na ce to jira suke mu taru su kama mu gaba ɗaya.

Aikin Nomau da rana shi ne nutso. Yaron da ya tashi a garin da rafi ke ƙafewa da rani ya zama kamar kifi. Yakan ɗaura igiya a ƙugu ya nutsa ya kwanto kwandunan tarkon dodon koɗi daga gindin duwatsu, Ursan kuma yana zaune a kan dutse riƙe da igiyar. A nan tsohon ya yafito ni da hannu wata rana, lokacin da Nomau ya yi nisa cikin ruwa.

Ya ce, "Da ƙafarsa ba zai bi ka ba. Ka ɗauke shi yana barci."

Na ce, "Wa ya aiko ka, Baba?"

"Ba kowa. Ina da ganye. In ya sha, ko ganga aka buga a kansa ba zai farka ba sai rana ta karkata. A tasha ana duba hannun duk mai fita, akwai kuma makahon da ke shinshina mutane da kaya, don warin tukunya ba ya wankuwa. Amma jirgin ubangidanka romon ruɓaɓɓen kifi yake ɗauka a cikin manyan randuna. Hancin makaho ba ya ratsa wannan."

"Kai me za ka samu?"

Ya yi tari ya tofar, ya ce, "Barci. Kullum cikin mafarki sai ya kira Inna, Inna. Na gaji da jin sunan matar da ban sani ba."

"In aka neme shi aka rasa fa?"

"Za su buga ganga, su yi fushi. Sun saba."

Ban yarda da ko kalma ɗaya ba. Tarkon ya yi kyau da yawa. Na ce ya sha ganyen a gabana in ga ko guba ce. Ya dube ni, sai ya jiƙa ya shanye. Ya kwanta a kan dutsen kamar gawa, da Nomau ya fito na ce rana ce ta buge shi. Yadda yayana ya ɗauke shi a kafaɗa yana kiran sunansa, na ce a raina dubi yadda suka mallake shi. La'asar tsohon ya farka garau. Ban tsaya nan ba. Na gaya masa ranar ƙarya da jirgin ƙarya, na laɓe bayan tarin igiyoyi ina kallon ko dakaru za su zo su kewaye jirgin. Ko kare bai zo ba. Washegari ya ce da ni, "Ka gama gwajin? Jirginku ya kusa cika."

Na samu Shafot na ce akwai randa guda da ba na so a leƙa. Ya fahimta, ya fara zage-zage da sunan gumakansa. Na tuna masa da shuni da jar saiwa, na ce in aka kama ni bakina ba shi da marfi. Daga ƙarshe ya ce tsakar rana za mu tashi, lokacin da zafi ke sa masu bincike gaggawa.

Ranar na kawo ruwan inabin da na jiƙa ganyen a ciki, na ce na ban kwana ne. Muka zauna mu uku a inuwar dutsen. Nomau ya sha, yana ba ni saƙonni: in gyara kabarin Baba, in ce wa Inna ta yafe masa. Yana cikin magana harshensa ya yi nauyi, kansa ya faɗa kan kafaɗar Ursan. Tsohon ya ɗan riƙe shi haka, ya fi yadda nake so, har na ce ya yi sauri. Muka naɗe shi cikin randar da na ɓoye a bayan dutse, na huda mata ƙofofin iska a ƙarƙashin wuya, muka sa faifai a sama muka tara kayan cikin kifi a kai. Ragowar romon na kwarara a jikina. Wannan romo nasu, da manyansu ke lasa suna lumshe ido, daddawar da ta kwana a rana turare ce a kansa.

Ursan ya ɗaura igiyar nutso a jikin wani dutse ya jefa cikin ruwa, ya koma mazauninsa ya riƙe bakin igiyar kamar kullum. Duk wanda ya hango shi daga nesa zai ce abokinsa yana ƙasa yana aiki. Ban yi masa sallama ba, don har lokacin ina jiran in ga inda zai juya mini.

A tasha aka duba hannuwana, aka ga shuɗi ne ba shunayya ba. Makahon yana zaune a bakin katakon hawa jirgi. Ya shinshina ni ya kawar da kai yana tsaki. Da masu dakon da na aika bayan dutsen suka iso da randar sai ya ɗaga hannu, ya sa hanci a jikinta, ya daɗe. Na yi kamar na yi tuntuɓe, na ture wani ƙaramin tulun romo ya fashe a kan ƙafafunsa. Ya tashi yana tsine mini har kakannina, Shafot ya zabga mini mari don a gani, masu bincike suka toshe hanci suka ce mu kwashe ƙazantarmu mu tafi. Marin nan ya fi ƙarfin wasa, na kuma riƙe shi a raina.

Muka fita daga tasha. Iska ta yi rowa ranar, jirgi yana jan jiki, tsibirin ya ƙi ɓacewa. Na fito da Nomau na shimfiɗa shi, na wanke masa fuska. Ina kallonsa ina jin daɗin da ban taɓa ji ba. Na ci Kartaj da yaƙi ni kaɗai, na kuma riga tsohon nan wayo, ko mene ne ya shirya.

Rana ta karkata sai muka ji ganga daga tsibirin, bugu ɗaya ɗaya, mai nauyi. A kan wani tsauni da ya leƙo teku muka hango mutane suna taruwa. Masu jirgin suka daina hira. Gangar ce ta tayar da Nomau. Ya buɗe ido, ya ga sama, ya ga ruwa, ya zabura ya zauna.

"Ina Ursan?"

Na ce, "Yaya, ka kuɓuta. Ɗan rahoton nan yana can riƙe da igiyar da ba kowa a ƙarshenta."

Ya damƙi wuyan rigata da hannuwan nan masu launi. "Ɗan rahoton wa? Tunau, me ka yi? Ba ka ga babu sarƙa a Imrat ba? Mu ne sarƙar juna! Ranar da aka ba ka tukunya ake ba ka aboki. In ɗaya ya gudu, ɗayan ake kaiwa kan tsaunin can. Ana buga ganga har faɗuwar rana. In wanda ya gudu bai dawo ba, sai a jefa abokinsa."

Na juya na dubi Shafot. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba ka tambaye ni ba."

Na ce, "Yaya, shi ya kawo ganyen. Shi ya tsara komai."

Nomau ya sake ni, ya rufe fuska. Ya ce, "Na san shi ne. Ya sha ce mini in tafi, ya ce tarin nan ba zai bar shi ya ga wata damina ba. Na ce masa ko kwana ɗaya ya rage masa, nasa ne. Shekarar da na zo zazzaɓi ya kusa kashe ni, shi ya riƙa tauna abinci yana ba ni a baki."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Don na san ka. Da ka ɗora ransa a hannu ɗaya, hawayen Inna a ɗaya, ka ce nasa ya fi sauƙi."

Ban musa ba, gaskiya ya faɗa. Har a lokacin ma sai da na gwada. Na ce tsoho ne, shi ya zaɓa da kansa. Na ce wa ya sani ko dabara ce, ko sun shirya ne su nuna wa sauran marina cewa ko wanda ya kai teku dawowa yake. Na ce Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana sauraren takun ƙafa. Yana jina yana tuɓe riga. Na roƙi Shafot ya juya jirgi, ya ce ko uwarsa ce a kan tsaunin ba zai juya ba.

Nomau ya dubi nisan ruwan, na ga a idonsa shi ma bai tabbata zai kai ba, ga ganyen bai gama sakinsa ba. Na san in na kama shi na danne, masu jirgin za su taya ni ɗaure shi, kuma zan kai wa Inna ɗanta. Na tsaya ina kallonsa, gangar tana bugawa.

Sai na ɗauko tulu biyu marasa komai, na toshe bakinsu da tsumma da kaki, na haɗa su da igiya. Da hannuna na ɗaura masa su a ƙarƙashin hammata. Na ja ƙullin na sake ja, don ban yarda da igiyar Shafot ba.

Ya ce, "Ka ce wa Inna..."

Na ce, "Tafi, Yaya, rana ba ta jira."

Ya faɗa ruwa. Na bi kansa da ido yana ƙanƙancewa tsakanin tulunan nan biyu, har na daina bambanta shi da igiyar ruwa. Iska kuma, da ta ƙi zuwa duk yini, sai a lokacin ta taso ta cika zanen jirgi. Tsaunin ya yi nisa, mutanen kansa suka zama ɗigo, amma gangar tana iso mu a kan ruwa. Ina ji, ina ji, sai ta tsaya.

Na kama hannun wani tsohon matuƙi na ce, "Me wannan ke nufi? In an jefa mutum ake tsayar da ita, ko in wanda ya gudu ya dawo?"

Ya ce, "Duka biyun."

Na juya yamma na ɗaga hannu na auna. Tsakanin rana da ruwa akwai sauran faɗin yatsu. Na nuna wa matuƙin, na ce ya duba, ai ba ta faɗi ba tukuna. Ya ce daga kan tsauni ba haka ake ganinta ba, kuma wani lokaci masu ganga sukan gaji. Na ce ƙarya yake yi. Ni da ban taɓa yarda da abin da ban juya na ga bayansa ba, na yarda da wannan ɗan faɗin yatsu, kuma duk wanda ya zo mini da wani lissafi har yau ba na saurarensa.

Ni kaɗai na sake ƙetare hamada. Abin da na gani ke nan na zube muku, abin da ban gani ba kuma yana can inda ruwa ya rufe shi.